Katin da Ya Riga Ni Zuwa Sparkhill

A shekarar da nake magana, iyakar duniyata matakalar bene ce. Muna zaune a unguwar Whalley Range ta Manchester, cikin irin manyan gidajen nan na da waɗanda aka yayyanka aka mayar flat-flat. Mu ne a can ƙololuwa, dab da rufi, inda in ka miƙe da sauri a gefen ɗaki kanka zai gaya maka. Babu lifta. Surukata, Hajiya, ta zo daga Kano ganin likita da niyyar ta ɗan kwana biyu ta koma, sai ɓarin jikinta na hagu ya shanye a falonmu tana riƙe da kofin shayi. Da aka sallamo ta daga asibiti, ƙarti biyu ne suka hawo da ita a kujera suna nishi. Tun daga ranar ba ta sake sauka ba. Ni ma kusan haka.

Maigidana injiniya ne, aikinsa a can arewa bakin teku, sai ya yi makonni bai kwana a gida ba. Hukumar garin sun aiko mana da masu kula da marasa lafiya har sau biyu. Ta farko, Hajiya ta rufe ido ta ƙi buɗewa har matar ta gaji ta tafi. Ta biyu ta kai hannu za ta kwance mata zani, Hajiya ta damƙe zanin da hannunta mai lafiya tana salati da ƙarfi kamar an shigo mata da wuƙa. Ta ce ba ta haifi ɗa ta aurar da shi don bare ta ga tsiraicinta ba. To, saura wa? Ni ce wanka, ni ce kai ta bayi da dawo da ita, ni ce juya ta a gado. Ba na cewa muguwa ce. Tana ma da ban dariya, bakinta ya ɗan karkace amma kaifinsa yana nan. Sai dai ba a barin ta ita kaɗai fiye da in sauka in karɓi cefane a ƙofa, don ta taɓa yunƙurin tashi da kanta ta faɗa tsakanin gado da bango.

In numfashi ya ƙare mini a ɗakin, sai in bar ƙofa a buɗe in zauna a matakala, inda zan ji in ta kira. A nan nake zaune ranar da aka bugo aka ce mahaifiyar ƙawata ta rasu a Birmingham.

Wannan ƙawar tawa tare muka yi sakandare a Kano, gadonta a saman nawa. Ta riga ni zuwa Ingila, tana unguwar Sparkhill ta Birmingham da mijinta da 'ya'yanta da Mamarta. A shekarata ta farko a Manchester na yi ɓari, ban san kowa a garin ba. Ita ce ta goyo jaririnta ta hau bas ta zo, ba ta ma tambaye ni ko ina son baƙi ba. Ta dama mini kunu, ta wanke zanin gadon da na ɓata, ta gasa mini jiki da ruwan zafi, ta zage ni da na ƙi cin abinci. Mamar kuma ta aiko mini da yaji a kwalbar kofi. Irin wannan mutum ba a yi masa ta'aziyya daga nesa.

Na kira lambarta. Wata ce ta ɗauka, ina jin hayaniyar mata a bayanta, sannan aka miƙa mata. Na ce ya haƙuri, ta ce da godiya, muryarta duk ta dishe. Sai ta ce, "Sai kin zo." Na ce in sha Allah.

Na kira maigidana. Ya yi salati, ya yi wa mamaciya addu'a, ya ce ba za a sake shi ba sai ƙarshen wata, in yi haƙuri, ai na yi waya. Na ce tun yaushe waya ta zama ta'aziyya? Ya ce in rage murya kada Hajiya ta ji. Na kashe wayata. Hajiya kuwa ban gaya mata ba, don gaya mata daidai yake da ce mata ke kika tare mini hanya, kuma ba a gaya wa suruka haka.

Akwai wata tsohuwar Baturiya a flat ɗin ƙasa, ita da ɗan karenta mai gashi har cikin ido. Washegari ta hawo kawo mana wani ƙunshi da aka ajiye a ƙofarta bisa kuskure, ta same ni a matakala ina share majina da bakin mayafi. Na gaya mata da ɗan Turancina. Ta ce in aika kati. Ta ce da mijinta ya mutu katuna suka cika mata saman murhu da bakin taga, ba wanda ya zo ya cika mata gida, kuma ita hakan ta fi so. Na ce mu zuwa ake yi, a zauna a ƙasa. Ta ce a zauna a yi me? Na ce a zauna dai. Ta dube ni, ta ce tunda ba zan iya zuwa ba, katin da aka yi da hannu ya fi na kanti daraja nesa ba kusa ba, kuma ita sana'ar tsufanta ke nan. Ban yarda da ita ba har cikin raina. Amma ba ni da wani abin da zan yi da hannuwana, kuma ita kaɗai ce ta ba ni wata shawara ban da haƙuri.

Da yamma ta hawo da kwalin takalmi biyu ta zube a teburin cin abincinmu. Hatimai ne na roba, wasu a jikin katako, wasu garai-garai kamar leda mai kauri, sai an manna su a jikin ɗan gilashi kafin a buga. Ga soson tawada a ɗan gwangwani fale-fale. Ga alƙaluman kala, maka take ce musu, kowanne baki biyu, ɗaya siriri ɗaya mai faɗi. Da ta buɗe murfin na farko wari ya tashi kamar sipirit ɗin asibiti. Hajiya daga kujerarta ta tambaya wa za a yi wa allura.

Tsohuwar ta zaɓo mini hatimin wani dogon fure mai buɗaɗɗen baki, ta ce shi suke aikawa gidan mutuwa. Ta nuna mini yadda ake yi. Ba a danna hatimi cikin tawada, ɗan taɓa shi ake yi da soson a hankali har ko'ina ya samu. A ɗora shi a takarda a miƙe, a danna da tafin hannu, kada a girgiza, a ɗaga shi a miƙe. Sannan a jira ya bushe. Jiran nan shi ne abin da ba ni da shi. Na farko na danna kamar ina kirɓa sakwara, fure ya fito biyu-biyu kamar idona ne ya samu matsala. Na biyu ya fito tsaf, ban bari ya bushe ba na sa alƙalami, baƙin ya bi kalar ya jagwalgwale kamar kwalli a idon mai kuka. Na uku ina tsakiyar ganye Hajiya ta kira ni, na bar bakin alƙalamin a kan takarda, kafin in dawo kore ya malale ya ci rabin furen. Na duƙunƙune na jefa a kwando na yi tsaki. Tsohuwar ta yanko mini wata takardar.

Kalar ma da dokarta. Mai haske ake fara sawa, sannan mai duhu a gindin ganye, sannan a koma da mai hasken a goge tsakaninsu tun da danshi, har layin ya ɓace. Kuma a shimfiɗa wata takarda a ƙasa, don tawadar tana ratsawa ta ɓata tebur. Furen fari ne. Na ce to me zan kala a fari? Ta ce farin barin sa ake yi, toka-toka mai haske za a ɗan shafa inda fatar furen ta lanƙwasa. Na yi, ina ganin shirme ne, sai ga fure ya taso daga takarda kamar in ciro shi. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi. Kaina ya yi shiru a karo na farko cikin watanni, ban ji firij ba, ban ji tarin Hajiya ba. Wannan daɗin ma ya ba ni haushi, ana zaman makoki a Birmingham ni ina nan ina murna da ganye.

Hajiya ta sa na juyo da kujerarta tana kallo. Ta ce hannuna da garaje kamar mai zuba wa leburori abinci. Ta ce furen ya yi fari fat kamar mara jini, in sa masa ɗan ruwan ƙwai a tsakiya. Na sa. Da za a manna shi a kan kati mai kauri, ni da tsohuwar muka ɗauko toka, Hajiya ta nuna ruwan hoda da haɓarta, ta ce wa ke aika wa mutane toka. Na bi nata, don ban da ƙarfin gardama. Tsohuwar tana da hatimin rubutu na Turanci da ake bugawa a ciki, na ce ta bar shi. Na rubuta da hannuna: Allah Ya jiƙan Mama, Ya sa Aljanna ce makomarta, Ya ba ku haƙuri. Tsohuwar ta sa a ambulan, ta ce za ta jefa a akwatin gidan waya in ta fita zagaya da kare.

Kati ya tafi. Washegari ina ba Hajiya tuwon semo da miyar kuka, cokali-cokali, ta ce wai bikin wa ake yi ne da har aka wahalar da tsohuwar mutane. Da ina da wayo da na ce bikin wata ne a nan unguwar Old Trafford. Ba ni da shi. Na gaya mata.

Ta daina tauna. Ta yi salati, ta yi wa Mama addu'a doguwa, don ta san ta, sun taɓa gaisawa a waya. Ta tambayi ranar da aka yi rasuwar, na faɗa. Ta ce an yi uku ke nan ina nan ina zanen fure.

"Takarda kika aika gidan mutuwa? Takardar ce za ta zauna a tabarma? A ce daga gidan wancan aka aiko da takarda?"

Wancan shi ne maigidana, ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. Ta ci gaba, ta ce ko maƙiyinka ne ya mutu kana zuwa da ƙafarka, ta ce Turai ta cinye mana hankali. Ina riƙe da cokali. Tun da aka kai ni gidansu amarya ban taɓa haɗa ido da ita ba. Ranar na haɗa.

"To Hajiya, in na tafi wa zai kai ki bayi?"

Ta juya fuska wajen bango, ta ƙi ƙarasa tuwon. Har aka kwanta ba ta ce mini uffan ba, ko da na ɗaga ta na kai ta bayin ma sai ta kalli gefe. Ni ma ban ba ta haƙuri ba. Na wanke kwanuka da ƙarfi don ta ji.

Sai da gari ya waye ina sa mata ɗankwali ta ce ranar bakwai in shirya in tafi. In ce wa Baturiyar ƙawar tawa ta ƙasa ta hawo ta zauna, ban da karen, kuma kada ta taɓa ta. Na ce to in ta matsu fa? Ta ce ba ruwana. Tsohuwar ta yarda nan take, ta ce za ta zo da kwalayenta ta yi aikinta a teburinmu.

Daren da zan tafi Hajiya ta sa na ajiye mata dabino da maganinta da ɗan ruwa a gefen hannunta mai lafiya. Ban kawo komai a raina ba. Da safe na shirya, na yafa mayafi, na kawo mata shayi da burodi, ta ce in mayar, azumi take yi. Tsakiyar bazararsu ce, lokacin da rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara, ga ɗakinmu na ƙarƙashin rufi yana ɗaukar zafi kamar tanda. Likitanta ya ja mana kunne a kan ta riƙa shan ruwa da yawa saboda ƙodarta. Na ce Hajiya, yau ba Litinin ba, ba Alhamis ba, azumin me? Ta ce tun yaushe na zama malama. Na san abin da take yi, ita ma ta san na sani. Wanda bai sha ba ba zai nemi a kai shi bayi ba, kuma ba wanda ya isa ya ɗura wa mai azumi ruwa.

Na tsaya a bakin ƙofa da takalmi a ƙafa. Tsohuwar ta riga ta hawo tana jera alƙalumanta. Hajiya ta ɗauki carbi ta rufe ido. Na tafi. Kada wanda ya tambaye ni.

Da na fito titi sai da jiri ya ɗebe ni, na manta faɗin sararin Allah. A bas ban ga komai na hanya ba, wayata nake ta dubawa ko tsohuwar ta kira. Na sauka a Birmingham na hau wata bas ɗin ta cikin gari, muka bi Stratford Road, ƙamshin gasasshen nama yana shigowa ta taga, kantunan kayan amare suna ta walƙiya. Gidan ban sha wahalar gane shi ba, takalma sun taru har waje. An ture kujeru jikin bango, mata zaune a ƙasa kafaɗa da kafaɗa, ga turaren wuta, ga kuloli a kusurwa. Na durƙusa na bi su ɗaya-ɗaya, ya haƙuri, da godiya, ya haƙuri, da godiya. Ƙawata tana can ciki jikin bango, ta rame, idonta ya kumbura. Ta dube ni, ta janye ƙafarta ta yi mini wuri. Na zauna kafaɗata a jikin tata. Can na ji nauyinta ya sauka a kaina, ta saki jiki, muka yi kukanmu a hankali.

Wata dattijuwa da ke gefe ta leƙo fuskata ta ce ko ni ce ta Manchester mai kati. Wasu suka rufe baki da mayafi. Ƙawata ta nuna mini saman kabad da haɓa. Ga katina can, a jingine kusa da Alƙur'anai, furen yana kallon mutane. Ta ce shekaranjiya ya iso, aka zagaya da shi hannu-hannu, wata ta rantse katin gayyatar biki ne aka kawo gidan da ba shi ba, saboda ruwan hodar.

"Wallahi na so in yaga," in ji ta, ƙasa-ƙasa. "Sai ga sunan Allah a ciki. Ba dama a yar, ba dama a bar shi a ƙasa. Kin ɗaure ni da shi, 'yar rainin hankali."

Can ta ce furen dai ya yi kyau. Sannan ta tambayi wa na bar wa Hajiya. Na so in ce wata 'yar uwa ce, in samu in zauna har dare, in ci abinci da hannu a cikin mutane, in ji Hausa tana tashi ta ko'ina. Bakina bai iya ba. Na gaya mata komai, har azumin. Ta ɗaga kanta daga kafaɗata. Ta ce in tashi. Na ce yanzu fa na zo. Ta ce ta gan ni, kowa ya gan ni, in tashi kafin in ja mata wata gawar. Ta sa aka ƙulla mini waina a leda ta buɗa-bakin Hajiya, ta raka ni har wajen takalma. Zaman da na yi bai kai tsawon tafiyar da na yi a bas ba.

A tasha na tsaya ina karanta goshin motoci, wannan London, wannan wani gari da ban taɓa jin sunansa ba. Na karanta su duka. Sannan na hau ta Manchester.

Na hau benenmu da gudu, la'asar ta yi nisa. Tsohuwar ta tare ni a ƙofa da tawada a yatsu, ta ce Hajiya ba ta motsa ba tun safe, carbi kawai take ja. Ta miƙa mata ruwa ya fi a ƙirga, duk lokacin sai ta rufe ido. Ta ce ita ba ta taɓa ganin taurin kai irin wannan ba, kuma ba za ta sake zaman nan ba, zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Ta tattara kwalayenta ta sauka.

Leɓɓan Hajiya sun bushe sun yi fari, gumi ya jiƙa wuyan rigarta. Ban ko ajiye jaka da kyau ba na ɗaga ta. Ta maƙale wuyana da hannunta mai lafiya har sai da na ji zafi, jikinta yana rawa, muka ja ƙafa zuwa bayi. Da na dawo da ita gado na ɗebo ruwa na kai bakinta. Ta kau da kai, ta ce da sauran rana. Na ce na dawo ai, ba bare a gidan, ta sha. Ta ce ba don ni ta ɗauka ba, balle ta ajiye don ni.

Na zauna a bakin gado da kofin a hannu, mayafina ma ban cire ba. Rana tana kan rufin gidan da ke fuskantarmu, ta ƙi sauka. Hajiya ta tambaya ko an taru. Na ce an taru, takalma har waje. Ta tambaya a ƙasa aka zauna ko a kujera, na ce a ƙasa. Ta tambaya ko na ce tana yi musu ta'aziyya, na ce na faɗa. Ta tambayi me aka dafa, wa ya ja addu'a, ko akwai 'yan Kano. Muryarta tana fita da ƙyar, harshenta yana mannewa. Na ce ta yi shiru ta huta. Ta dubi taga, ta dubi kofin, ta sake duban taga.

"Ci gaba," ta ce. "Sai wa kuma ya zo?"